Mugu ya sha, mai gaskiya ya mutu: littafin da ya raba kan majalisarmu

Na sayi littafin ne a hannun masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, can gefen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a nan Kaduna. Bangonsa ya yage, takardunsa sun yi ja kamar an tsoma su a shayi. Sunansa The Spy Who Came in from the Cold, na marubucin Ingila John le Carré, ya fito a 1963. In za a Hausance sunan, sai a ce ɗan leƙen asirin da ya gaji da kwanan waje cikin sanyi ya nemi shigowa ɗaki. Dare biyu na gama shi. Daga nan ya shiga yawo hannu zuwa hannu a majalisarmu ta Tudun Wada, wadda muke zama bayan sallar isha'i kusa da teburin mai shayi. Mutum biyar ne suka karanta da kansu. Sauran da Turanci bai zauna musu ba, ni na riƙa ba su labarin gutsure-gutsure, har mai shayin ma ya haddace sunan kowa a ciki.

Abin da ban zata ba shi ne rigima. Mun fi mako uku ana musu, kuma musun ba kan ko littafin ya yi daɗi ba ne. Kowa ya yarda ya riƙe shi. Musun kan ko marubucin yana da haƙƙin yi mana abin da ya yi mana ne. Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, dole in fasa ƙwai, don ba za a gane fushin mutane ba sai an san abin da ya fusata su.

Jarumin labarin, in har za a kira shi jarumi, sunansa Limas. Shi ne ke kula da 'yan leƙen asirin Birtaniya a birnin Balin na Jamus, lokacin da aka gina katangar da ta raba garin biyu a watan Agusta na 1961, gabas na 'yan gurguzu, yamma na Amurka da ƙawayenta. Babin farko ma da mutuwa ya buɗe: mutuminsa na ƙarshe da ya rage a gabas ya taho a kan keke zai tsallako shingen bincike, aka harbe shi Limas yana kallo. Wanda ke bi yana ɗauke masa mutane ɗaya bayan ɗaya shi ne Munt, babban jami'in tsaron Jamus ta Gabas, tsohon ɗan Nazi, mara imani. Sai shugaban Limas a Landan, wanda ba a kiransa da suna sai laƙabi, Kwanturol, ya ce masa akwai aiki na ƙarshe: ka yi kamar mun wulakanta ka mun kore ka, ka lalace da shan giya da cin bashi, har 'yan gabas su zo su saye ka. In sun saye ka, ka ba su labarin da zai sa su yi zaton Munt namu ne, su kashe abinsu da hannunsu.

Limas ya yi hakan. Ya samu ɗan aiki a wani laburare, ya haɗu da wata yarinya, Liz, mai sauƙin kai, 'yar jam'iyyar gurguzu da gaske har zuci, ta so shi. Ya naushi wani mai kanti aka ɗaure shi. Da ya fito aka saye shi kamar yadda aka tsara, ya faɗa hannun mataimakin Munt, wani Bayahude mai suna Fidla, mutum mai kaifin basira da ya daɗe yana zargin maigidansa. Fidla ya tattara hujjoji ya kai Munt gaban kotun sirri. Ana cikin shari'a sai ga Liz an shigo da ita shaida, ba ta san komai ba, ta faɗi gaskiya cewa wasu mutane daga Landan sun zo sun biya mata kuɗin gidan da take zaune. Nan take shari'a ta juye, aka ce ai duk makircin Birtaniya ne, Munt ya wanku, Fidla ya shiga uku. Sai a lokacin Limas ya gane abin da aka aike shi yi. Munt ɗin da gaske na Landan ne. Ba kashe shi aka turo Limas ya yi ba, cetonsa aka turo shi ya yi, ta hanyar halaka mutum ɗaya tilo da ya gano gaskiya. Shi da yarinyar duk nama ne da aka saƙala wa ƙugiya. A shafin ƙarshe suna hawan katanga za su tsere aka harbe Liz. Limas yana saman katanga, ana kiransa daga yamma ya diro, sai ya juya ya sauka gabas inda gawarta take, aka harbe shi shi ma.

Ƙurunƙus. Babu kan ɓera, babu komai.

Wanda ya fara tayar da ƙura abokina ne tela, wanda ta bakina ya ji labarin. Yana riƙe da kofin shayi ya kafe ni da ido, yana jiran ci gaba. Na ce ai ya ƙare. Ya ce, "Malam, kada ka raina mini hankali. Shi Munt ɗin fa?" Na ce yana nan kan kujerarsa. "Kwanturol fa?" Na ce yana ofishinsa. Ya ajiye kofin da ƙarfi har ya fantsama, ya ce to wannan ba labari ba ne, cin amana ne, kuma in da littafi na biyu in nemo shi, in babu kuma marubucin ya cuci mutane.

Wannan fushi yana da asali, kuma ba jahilci ba ne. An raine mu da wani irin alkawari tsakanin mai ba da labari da mai sauraro: kai ka ba ni kunnenka, ni kuma zan mayar maka da duniya daidai kafin ka tashi. Karin maganarmu cike yake da wannan alkawari. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. In za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Littattafanmu ma ba baƙin duhu ba ne, kada wani ya ce Bahaushe soyayya kawai ya sani. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, tun shekarun 1930 ya kawo ramuwar gayya mai ɗaci wadda ta cinye har wanda bai ji ba bai gani ba. Littafin Bature Gagare na 1982 cike yake da ta'asa da zubar da jini, amma dubi sunan da ya ba shi, Ƙarshen Alewa Ƙasa. Tun daga bango an yanke hukunci. Hatta manyanmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 suna ɓoye littattafan James Hadley Chase a ƙarƙashin tebur, sun saba da ɓarayi da makasa da mayaudaran mata, sai dai galibi can ƙarshe kwaɗayi ne yake kai mai shi ya baro. Abin da tela bai taɓa cin karo da shi ba shi ne labarin da mugu ya sha, ya sha ɗin kuma da yardar hukuma, aka rufe fayil aka ce aiki ya yi kyau.

Irin wannan rubutu yana da suna a wajen masu shi. Faransawa suka raɗa masa noir, ana furta shi kamar nuwar, ma'anarsa baƙi. Na so in ce baƙin labari, sai na tuna a Hausa baƙin labari saƙon mutuwa ne, ko da yake a nan bai yi nisa da gaskiya ba. Bari mu ce labarin duhu. A Amurka aka haife shi, zamanin da aka haramta giya daga 1920 zuwa 1933, 'yan fasa-ƙwaurinta suka yi kuɗi har suna sayen 'yan sanda da alƙalai, ga kuma karyewar arziki ta 1929 da ta bar miliyoyi ba aiki. Dashiell Hammett, wanda ya yi aikin bincike a kamfanin Pinkerton kafin ya kama alƙalami, da Raymond Chandler, su ne suka aza harsashin. A 1945 wani kamfanin ɗab'i na Faransa, Gallimard, ya fara fitar da fassarar irin waɗannan littattafai cikin baƙin bango, sunan ya bi su, har ya tsallaka kan finafinai.

Bambancinsa da labarin bincike na gargajiya yana da sauƙin ganewa. A irin na su Sherlock Holmes, gari lafiya lau yake, sai wani mugu guda ya ɓata shi. Mai bincike ya zo ya bi sawu, ya nuna mai laifi, gari ya koma yadda yake. Laifi baƙo ne. A labarin duhu laifi ɗan gida ne. Mai bincike yana bin zaren yana zaton ƙasa zai kai shi, wajen 'yan daba da ɓarayin lungu, sai ya ga zaren sama yake hawa, bene bayan bene, har ofishin wanda ya aike shi. Yakan gano gaskiya, amma gaskiyar ba ta gyara komai. Shi kansa mutum ne gajiyayye, aljihu ba nauyi, ba mata ba 'ya'ya, da ɗan guntun mutunci da yake ririta wa. Da yaƙin cacar baka ya kankama tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, sai wannan salo ya samu gida mafi dacewa da shi, wato aikin leƙen asiri, inda ƙarya ita ce sana'ar, kuma ba mai iya kai ƙara.

Le Carré ya san gidan daga ciki. Sunansa na gaskiya David Cornwell, ya yi aiki da hukumomin leƙen asirin Birtaniya biyu, MI5 da MI6, kuma yana Jamus da rigar ma'aikacin jakadanci lokacin da ya rubuta littafin. A shekarar da littafin ya fito, 1963, Kim Philby, wanda ya kai babban matsayi a MI6 alhali shekara da shekaru Mosko yake yi wa aiki, ya sulale daga Beirut ya tsere Rasha. Mutumin da ya ga haka da idonsa ba zai rubuta maka jarumi mai farar riga ba.

Wannan ne ya kawo ƙorafi na biyu, na wani matashi ɗan makarantar kimiyya da fasaha da ke zama da mu, mai son finafinan James Bond. Shi ƙarshen bai dame shi ba, tsakiyar ce ta gundure shi. Ya ce shafi ɗari mutum biyu na zaune a ɗaki suna magana, ba tseren mota, ba harbi, jarumi kuma mashayi mai dattin riga. Ban daɗe a kansa ba, don na san cutar: Ian Fleming ya fara Bond a 1953, kuma tun daga nan aka koya wa duniya cewa ɗan leƙen asiri kwat yake sawa yana tuƙa mota mai tsada. Na ce masa ya sake karanta hirar Limas da Fidla yana tambayar kansa, a kowane layi, wa ke yi wa wani tarko. Ya ce zai duba. Bai duba ba.

Wanda ya ba ni mamaki Baba ne, dattijon majalisar, wanda ya yi shekaru yana aiki a masaƙa a Kakuri kafin masaƙun su mutu ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta a hankali, da tabarau, shafi goma a rana. Ranar da tela ke ta kumfar baki, Baba ya bari ya gama, sannan ya ce, "Yaro, shekarunka nawa a garin nan?" Ya ce talatin da bakwai. Baba ya ce, "To a cikinsu sau nawa ka ga an kafa kwamitin bincike, sau nawa kuma ka ga wanda kwamitin ya kama?" Tela ya yi shiru.

Daga nan Baba ya shiga zayyano abin da shi ya rayu ya gani, kuma a nan ne na gane dalilin da ya sa littafin Baturen Ingila kan Jamus ya sami wurin zama a Tudun Wada. Kaduna ba baƙuwar asiri ba ce. Garin soja ne da ma'aikatan gwamnati tun da Turawa suka mayar da shi hedikwatar Arewa. A daren 15 ga Janairun 1966, Manjo Chukwuma Nzeogwu, haifaffen garin nan, mai jin Hausa kamar jakin Kano, wanda kuma ya taɓa riƙe aikin leƙen asirin soja, ya fito da sojoji da sunan atisayen dare ya afka wa gidan Sardauna. Da yawa daga cikin ƙananan sojojin da ya kwaso ba su san abin da aka fito yi ba sai da aka isa. Gidan yana nan a titin Rabah, shi ne Arewa House a yau. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Baba, kuma ɗan aike shi ne na ƙarshen sanin abin da ke cikin saƙo.

Sai batun Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shagari, ɗan jihar nan. A ranar 5 ga Yulin 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa a Landan, aka yi masa allurar barci, aka sa shi cikin akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila da zai kula da numfashinsa a hanya. Jami'an kwastan ne suka buɗe akwatin a filin jirgin Stansted kafin a loda shi zuwa Legas. An ɗaure mutum huɗu, uku 'yan Isra'ila da ɗan Najeriya guda, amma ba gwamnatin da ta taɓa fitowa ta ce ita ta aike su. Wani abin da ya ba ni dariya da na lura da shi, unguwar da aka sace Dikko, Bayswater, ita ce unguwar da laburaren su Limas da Liz yake a cikin littafin. Bayan wannan da shekara biyu, a 19 ga Oktoban 1986, aka aika wa ɗan jarida Dele Giwa bam cikin ambulan a gidansa da ke Ikeja, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. A wannan shekarar ce Babangida ya rusa hukumar tsaron sirri ta NSO, wadda aka kafa a 1976 bayan kisan Murtala, ya raba ta uku: SSS ta cikin gida, NIA ta waje, DIA ta soja. Baba ya ce shi wannan littafi ne na farko da ya karanta da bai yi masa ƙarya ba game da yadda irin waɗannan abubuwa suke ƙarewa.

Ya ƙara da wata magana da ba na son in ja ta da nisa. Ya ce shi ya san garin da aka raba biyu ba tare da an aza bulo ko ɗaya ba. Kafin rikicin Fabrairun 2000 yana zaune ne a kudancin kogi kusa da wurin aikinsa, bayan rikicin ya tattara iyalinsa ya dawo arewa, maƙwabtansa na da kuma da yawa suka yi akasin haka. Kogin Kaduna ba katangar Balin ba ce, kullum dubban mutane na tsallaka gada zuwa aiki da kasuwa ba mai tambayarsu takarda. Amma ya san abin da ake nufi da mutum ya tsaya a wannan gefe yana hangen wancan.

Akwai kuma abin da ya hana wasu tausaya wa Limas ko kaɗan, kuma wannan namu ne na yanzu. Kalmar da ta fi yawo a bakin mutane shekarun nan ita ce infoma. Duk wanda ke da dangi a Birnin Gwari ko Giwa ko ƙauyukan Igabi da Chikun ya san ta. Tun kafin harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, da kuma bayansa, tambayar da ake fara yi in an ɗauke mutum ita ce wa ya ba da labarinsa. Ɗan'uwan mai shayinmu ya taɓa kwana goma sha wani abu a hannun 'yan bindiga, kuma har gobe danginsu na zargin wani na kusa ne ya nuna gidan. Don haka da na kai wajen da Limas ke zaune yana sayar da sirri, ko da na ƙarya ne, mai shayi ya ce ba tare da ya ɗago daga kaskon ƙwai ba, "Duk infoma ne. Wanda ya ci abinci da kai ya kai rahotonka, ko gwamnati ce ta aike shi, infoma ne." Turawan da suka karanta littafin a 1963 suna da nisa da abin. Mu a nan mai leƙen asiri yana iya zama wanda kuka yi sahu ɗaya da shi da asuba.

Na ɗauka malamin Islamiyyar da ke cikinmu shi zai fi kowa sukar littafin, ga giya, ga zaman da ba aure, ga ƙarya tun daga farko har ƙarshe. Ana zaton wuta a maƙera. Ya fara da ayar da kowa ya sani, ta 12 a Suratul Hujurat, wadda ta hana bin diddigin asirin juna. Sannan ya ce amma a fagen yaƙi hukuncin daban ne: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aiki Huzaifa ɗan Yamani cikin dare ya shiga sansanin Ƙuraishawa a yaƙin Khandaƙ ya jiyo abin da suke ciki, kuma Nu'aimu ɗan Mas'udu ya ɓoye musuluntarsa ya raba kan rundunonin da suka yi taron dangi. Yaƙi ɗan zamba ne, wannan ba a musu. Amma, in ji shi, Huzaifa ya san abin da aka aike shi yi, Nu'aimu ya san wanda yake yaudara, kuma ba a sa wata baiwar Allah da ba ruwanta a bakin wuta ba. Laifin Kwanturol ba yaudarar abokan gaba ba ne, yaudarar nasa ne. Ya ce kuma marubucin bai yaba wa hakan ba ko da layi ɗaya. Ya dai ƙi yanke hukunci da bakinsa ne, ya ajiye shari'ar a gabanka. "Tela yana fushi," in ji shi, "to ai fushin nan shi ne hukuncin. Da an kashe Munt a shafin ƙarshe, da ya sha shayinsa ya tafi ya yi barci."

Na fi karkata ga wannan, amma akwai abin da malam ya faɗa daga baya wanda ya fi shi nauyi a wajena. Ya ce abin da ke sa littafin ya yi wa Bahaushe sanyi har ƙashi ba rashin hukunci a duniya ba ne, don wannan mun saba gani. Abin shi ne babu wanda ya ambaci gobe a ciki. Mutanen littafin ba su da kotun da ta wuce ta Landan da ta Balin. Mu kuwa in an zalunci mutum ya rasa yadda zai yi, yana da inda yake ɗaukaka ƙara, kuma ya yi imani za a saurare shi. Saboda haka duk marubucin Hausa da zai gwada wannan salo, duhunsa ba zai zama irin na le Carré sak ba. Yana iya barin azzalumi a kan kujerarsa, ya bar fayil a buɗe, ba sai ya liƙa wa'azi a babin ƙarshe ko ya jefo haɗarin mota ya kashe mugu don a huta ba, domin masu karatunsa sun riga sun san inda sauran shari'ar take.

Ni kuma na ƙara nawa. Ba ƙarya muke ƙi a labari ba. Gizo maƙaryaci ne, kuma tun muna yara muke tafa masa. Amma Gizo ƙaramin halitta ne mai yunwa, zaki da kura da giwa yake yi wa wayo. A wannan littafi giwa ce ta yi wa Gizo wayo, ta taka Ƙoƙi, ta wuce.

Sukar da ban iya amsawa ba daga gida ta zo. Ƙanwata, malamar firamare a Unguwar Rimi, wadda ta karanta littattafan Hausa na mata fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ta ɗauke shi daga kan tebur ta gama cikin kwana uku. Da ta dawo da shi ta ce, "Yaya, ku duk kuna ta maganar an yi amfani da Liz. Shi marubucin fa, me ya yi da ita?" Na ce kamar yaya. Ta ce kowane namiji a littafin yana da wayo, yana da tarihi, yana da abin da yake ɓoyewa, har mugun ma. Ita kaɗai ce aka yi ta fara fat kamar takarda, ba ta zargin kowa, ba ta tambayar wanda ya biya mata kuɗin gida me yake nema, an halicce ta ne kawai don a kashe ta mu ji zafi. Ta ce wace mace ce baƙi za su zo su kashe mata kuɗi haka kawai ba ta kwana tana lissafi ba? Na so in kare shi, in ce ai Liz ce ta tsare Limas da tambayoyi masu zafi a mota kan hanyarsu ta zuwa katanga, ita ce ta ce masa Fidla mutumin kirki ne kuma sun kashe shi. Ta ce eh, an ba ta baki ana saura shafi kaɗan a rufe mata shi. Gaskiyarta. Tsohuwar cutar wannan salo ce tun daga Amurka: mace ko dai mayaudariya ce mai jan namiji zuwa halaka, ko kuma tunkiyar layya. Ta ce da ita za ta rubuta irinsa, a Kaduna za ta kafa shi, kuma ta bakin matar da mijinta ke fita da dare yana cewa aiki ne, ita ce za ta riƙa haɗa guntayen, daga warin rigarsa da lambobin da ke kiransa yana fita tsakar gida kafin ya ɗauka. Na ce ta rubuta. Ta ce in na karɓi aikin duba jarrabawar 'yan ajinta.

Littafin ya dawo hannuna makon jiya, an ɗaure bangon da salatif, wani kuma ya ɗiga masa manja a shafi na arba'in da wani abu. Ina juya shi sai na ga rubutu da fensir a gefen shafin da Kwanturol ke lallashin Limas ya karɓi aikin, da ƙananan baƙaƙe masu kyau: Allah ya isa. Na tambayi mutum biyar ɗin da suka karanta, da ƙanwata ta shida. Kowa ya ce ba shi ba ne. Tela, wanda ba ya karanta Turanci, ya roƙi in bar masa littafin kwana biyu a shagonsa tun farkon rigimar, wai zai nuna wa wani kwastomansa, kuma shi ne kaɗai a cikinmu da kullum fensir ke maƙale a kunnensa. Sai dai ban ga yadda zai gane shafin ba.